Mun Taso Daga Texas Zuwa New York: Laifi Ne In Ci Gaba Da Koyar Da 'Ya'yana A Gida?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku: babbar shekararta 12, mai bi mata 9, autan 4. A Houston muke da zama, kuma tun farko a gida nake koyar da su boko, ba wanda ya taɓa tambayata ko da takarda ɗaya. A watan Satumba aiki ya dawo da maigidana Bronx, a birnin New York. Yanzu da safe yaran suna zuwa hadda wajen wani malami a masallacin unguwa tare da wasu yara kamar goma, da rana kuma in yi musu lissafi da Turanci. Wata maƙwabciyata ta ce a nan hukuma na iya ƙwace mini yara saboda ba sa zuwa makaranta. Tun da na ji haka barci ya ƙaurace mini. Shin na karya doka ne? Me zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Koyar da yara a gida halal ne a dokar New York, kamar yadda yake a duk jihohi 50 na Amurka tun 1993. Amma maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. A yadda kike yanzu, ba ki cika sharuɗɗan jihar ba, kuma ya kamata ki gyara cikin wannan makon.

Abin da ya rikita ki shi ne, a Amurka harkar ilimi ba ta gwamnatin tarayya ba ce, kowace jiha ita ke tsara tata. Kotun Ƙolin ƙasar ta shata iyaka kawai. A 1925, a shari'ar Pierce, ta rushe dokar jihar Oregon da ta tilasta wa kowane yaro shiga makarantar gwamnati. A 1972, a shari'ar Yoder, ta yarje wa mabiya ɗariƙar Amish a Wisconsin su cire 'ya'yansu bayan aji 8 saboda addininsu. Sai dai a duka biyun kotun ta bar wa jihohi ikon sa ido da gindaya sharuɗɗa. Saboda haka kada wani ya ruɗe ki da cewa 'yancin addini ya ɗauke miki cike takardu. Bai ɗauke ba.

Texas da kika baro tana cikin jihohin da suka fi sassauci. Tun hukuncin Kotun Ƙolin jihar na 1994 a shari'ar Leeper, ana ɗaukar karatun gida tamkar makaranta mai zaman kanta. Darussa biyar kawai ake nema: karatu, haɗa baƙi, nahawu, lissafi da tarbiyyar zama ɗan ƙasa nagari. Babu rajista, babu jarrabawa, babu rahoto. New York kuwa tana can ɗaya ƙarshen, cikin waɗanda suka fi tsanani. Daga ranar da kuka sauke kaya a Bronx da niyyar zama, dokar Texas ta daina aiki a kanku.

A jihar New York wajibi ne yaro ya kasance cikin karatu daga shekara 6 zuwa 16, a cikin birnin New York kuma har ƙarshen shekarar karatun da ya cika 17. Idan ba a makarantar gwamnati yake ba, dole ilimin da ake ba shi ya yi daidai da nata a bisa gwargwado. Yadda iyaye za su tabbatar da haka yana cikin sashe na 100.10 na ƙa'idojin Kwamishinan Ilimi. Ki nemi wannan sashe ki karanta da kanki, ba shi da tsawo. Ba a neman ki da shaidar malanta ko digiri.

Matakin farko shi ne takardar bayyana niyya. Ana aika ta kafin 1 ga Yuli kowace shekara, wanda kuma ya shigo a tsakiyar shekara yana da kwana 14 daga ranar da ya fara koyarwa a gundumar. Wannan wa'adi ya wuce ki. Maganinsa ki rubuta yanzu: sunan kowane yaro, ranar haihuwa, aji, adireshi, da sa hannunki, ki aika ofishin kula da karatun gida na Ma'aikatar Ilimi ta birnin New York. Ki faɗi gaskiyar ranar da kuka iso, ki ce daga Texas kuka taso. Kada ki kuskura ki sauya kwanan wata don rufe giɓin. Jinkiri abu ne da ake yi wa bayani, ƙarya a takardar hukuma kuwa ita ce ke juyowa ta cinye mai ita. Ki adana shaidar aikawa. Autan bai shiga lissafi ba sai shekarar da zai cika 6, sannan ki sa sunansa a takardar Yuli.

Cikin kwana 10 na aiki za su aiko miki fom ɗin tsarin karatu, wanda ake kira IHIP, ɗaya ga kowane yaro. Kina da mako huɗu ki mayar. A ciki za ki jera littattafai ko manhajar kowane darasi, sunan mai koyarwa, da ranaku huɗu da kika zaɓa don miƙa rahoto. Idan suka ce akwai gyara, za su ba ki kwana 15, kuma idan ba ki gamsu ba kina iya ƙalubalantar hukuncin har gaban Kwamishinan Ilimi na jiha.

Yanzu ga inda nake so ki natsu, domin a nan 'yan uwanmu suka fi tuntuɓe, wato batun hadda.

Doka na neman kwatankwacin kwana 180 na karatu a shekara: awa 900 ga aji 1 zuwa 6, awa 990 ga aji 7 zuwa 12. Idan kika raba, awa biyar kenan a rana ga mai shekara 9, biyar da rabi ga babbar. Lissafi da Turanci na ɗan lokaci da rana ba za su cike wannan ba. Ɗan aji 4 ana neman a koya masa lissafi, karatu, haɗa baƙi, rubutu, Turanci, labarin ƙasa, tarihin Amurka, kimiyya, kiwon lafiya, zane-zane, kiɗa da waƙa, da motsa jiki. Kafin a gama aji 8 sai yaro ya ratsa tarihin jihar New York da kundin tsarin mulkin ƙasa da na jiha. Akwai kuma ƙananan abubuwa irin su illar ƙwaya da taba, kiyaye haɗarin hanya da rigakafin gobara. Dokar ilimin jihar ta ce da Turanci za a koyar. Ba wanda ya hana ki karantar da Alƙur'ani da Larabci da Hausa, haƙƙinki ne, amma ba sa cikin jerin darussan da aka wajabta. Shawarata ita ce ki cike awanninki da darussan jerin, hadda ta zama ƙari a kai. Kada ki dogara da ita wajen cike lissafi.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Ma'aikatar Ilimi ta jiha ta bayyana cewa iyaye na iya haɗa 'ya'yansu wuri ɗaya don wani darasi, amma idan akasarin karatun a rukuni ake yin sa ƙarƙashin wani malami, to wannan ba karatun gida ba ne, makaranta ce mai zaman kanta. Makaranta kuwa tana da nata sharuɗɗan, har da na lafiyar gini da kariya daga gobara. Idan yara goma suna wuni a masallaci kullum, iyayensu kowa ya rubuta cewa a gida yake koyarwa, ranar da aka bincika iyayen da malamin da kwamitin masallacin duk za su shiga cikin magana. Ina roƙonki ki kai wa sauran iyayen wannan bayani. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da hadda bayan Asuba, ko yamma, ko Asabar da Lahadi, tsakiyar rana ta zama ta karatun gida a hannunki.

Nasan kalmar kiɗa za ta tsaya wa wasu iyaye a rai. Kada ki tsallake layin a fom, domin barin sa fanko shi zai sa a dawo miki da takardar. Ƙa'idar ta ambaci darasin, ba ta zaɓa miki littafi ko abin da za ki rera ba. A aji 7 da 8 gaba ɗaya rabin ma'auni ake nema, kusan awa 54 cikin shekara biyu. Kina iya gina shi a kan ƙasidu, karin waƙar baka, ma'aunin rubutacciyar waƙa, da tarihin waƙoƙin al'ummomi, ki rubuta haka a fili.

Rahotanni huɗun ba su da wuya idan kina rubuta aikin kowace rana a littafi. Kowanne zai nuna awannin da aka yi, abin da aka karanta a kowane darasi, da maki ko ɗan bayanin ƙoƙarin yaro. Idan abin da kuka gama bai kai kashi 80 cikin 100 na abin da kika tsara wa zangon ba, sai ki rubuta dalili. Don haka kada ki cika buri a IHIP, ki rubuta abin da za ki iya.

Tare da rahoto na huɗu ake miƙa sakamakon auna yaro na shekara. Daga aji 4 zuwa 8, inda 'ya'yanki biyu suke, ana iya amfani da rubutaccen bayanin ci gaban yaro shekara ɗaya, amma shekara mai bi sai an yi jarrabawar da jiha ta amince da ita, irin su Iowa ko Stanford. Daga aji 9 jarrabawa ce kowace shekara. Ana so yaro ya zarce kashi 33 cikin 100 na tsaransa a faɗin ƙasa, ko ya nuna ci gaban shekara guda a kan sakamakonsa na baya. Wanda ya gaza ana sa tsarinsa a ƙarƙashin gwaji har tsawon shekara biyu, tare da shirin gyara. A lokacin gwajin ne kawai ƙa'idar ta ba jami'an ilimi damar ziyartar gida, kuma sai da sanarwar kwana uku. Da ni ce ke, zan sa su jarrabawar tun bana, ko don ni kaina in san inda suke, tunda ba a taɓa auna su ba.

Sai maganar ƙwace yara. Hukumar da ake nufi ita ce ACS, mai kula da walwalar yara a birnin. Rashin ba yaro ilimi yana cikin nau'o'in sakaci da Kotun Iyali ke saurara, kuma kowa na iya kai rahoto, ko maƙwabci ko likita. Amma bincike daban, raba yaro da iyayensa daban. Kafin a cire yaro daga gida sai an nuna rayuwarsa ko lafiyarsa na cikin haɗari na kusa, kuma maganar tana zuwa gaban alƙali. Jinkirin takarda shi kaɗai bai kai wannan matsayi ba. Duk da haka bincike ba abin wasa ba ne, yana firgita yara, kuma yana iya barin suna a rajistar jiha, abin da ke shafar mai neman aikin renon yara ko makaranta. Idan suka ƙwanƙwasa ƙofa, ki karɓe su da mutunci, ki rubuta sunan jami'in, ki nuna kwafin takardar niyya da littafin aikin yara. Ba dole ba ne ki buɗe musu gida idan ba su zo da umarnin kotu ba, kuma kada ki sa hannu a abin da ba ki fahimta ba. Ki nemi tafinta idan kina buƙata. Ƙungiyar Bronx Defenders tana kare iyaye a irin wannan shari'a, kuma wanda ba shi da hali kotu na ba shi lauya kyauta.

Za ki ji masu cewa ki rubuta adireshin wani ɗan uwa a New Jersey, tunda can ba a neman sanarwa. Gaskiya ne dokarsu ta fi sauƙi, amma dokar inda yaro yake kwana ita ke binsa. Idan kun koma can da gaske, shi kenan. Aron adireshi kuwa ƙarya ce da za ta lalata duk hujjarki. Haka ma makarantar intanet: biyan kuɗi a wata makaranta da ke wata jiha ba ya ɗauke miki takardun New York.

Idan kika auna kika ga awa biyar a rana da yara biyu da ƙarami a hannu ya fi ƙarfinki, ba abin kunya ba ne. Akwai makarantun Musulunci masu zaman kansu a birnin da ke haɗa boko da addini. Makarantar gwamnati ma a buɗe take ga kowane yaro, komai matsayin takardun zaman iyayensa, bisa hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 a shari'ar Plyler. Wasu kuma kan tura yaro gida Najeriya ko Gana ya sauke Alƙur'ani. Mai yin haka ya sanar da ofishin a rubuce, ya riƙe shaidar tafiya da ta makarantar da yaron ya shiga, don kada sunansa ya zauna a matsayin wanda ya ɓace daga karatu.

Game da babbar, ki fara tunanin gaba tun yanzu. New York ba ta ba ɗan karatun gida shaidar kammala sakandare. Abin da ake samu shi ne wasiƙar shugaban gundumar ilimi mai tabbatar da cewa karatun ya yi daidai da na sakandare, ko jarrabawar GED mai maye gurbin shaidar sakandare, ko tara maki 24 na kwasa-kwasan kwaleji da aka ƙayyade. Waccan wasiƙa a kan IHIP da rahotannin aji 9 zuwa 12 ake dogara kafin a rubuta ta, don haka duk rahoton da ya ɓace a waɗannan shekaru zai iya tare mata ƙofar jami'a. Ki tanadi jaka ɗaya ga kowane yaro, ki ɗauki hoton duk takardar da ta shiga ko ta fita. Ki sani kuma 'yan karatun gida ba sa shiga ƙungiyoyin wasannin makarantun gwamnati a jihar, kuma idan wani cikin yaran yana da buƙata ta musamman, ana neman taimakon gunduma a rubuce kafin 1 ga Yuni.

Ku zauna da maigida yau ku yanke shawara, ku sa hannu tare, takardar niyya ta fita kafin Juma'a. Idan amsar ofishin ta zo da wani abu da ya shige miki duhu, ko ACS ta riga ta tuntuɓe ku, ki kai takardun wa lauyan da ke aiki a Kotun Iyali ta Bronx kafin ki ba da amsa. Allah Ya raya zuri'a, Ya sa albarka a karatunsu.