Cirar Kuɗi da Kati a Ƙasar Waje: Wa Ke Cin Ragowar?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru a wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato cirar kuɗi da katin banki a ƙasar da ba a nan aka yi katin ba. Na zaɓi guda shida. Zan fi daɗewa a kan ta farko, domin wanda ya gane amsarta ya gane rabin sauran.

Daga wani Alhaji ɗan kasuwa a Kano: "Malam, bara na je Umara da katin asusuna na dala. A Madina na ciri riyal 1,500, wanda a lissafina dala 400 ke nan. Da alat ya shigo sai na ga an zare kusan dala 430. Wa ya ci talatin ɗin? Bana ma ina da niyya, ba na son a maimaita."

Alhaji, Allah ya karɓi ibada. Lissafinka daidai yake. Tun 1986 riyal ke ɗaure da dala a kan riyal 3.75, don haka 1,500 dala 400 ce cif. Sai dai talatin ɗin nan ba hannu ɗaya ya ɗauke ta ba. Duk lokacin da ka zura kati a ATM na ƙasar waje, hannaye huɗu ne ke iya shiga aljihunka.

Akwai bankinka na gida, wanda kan yanki wani tsayayyen kuɗi a kowace cira, wani lokacin ya ƙara da kaso cikin ɗari, da yawansu har zuwa kashi 3. Akwai mai injin, wanda a wasu ƙasashe ke ɗora nasa cajin a kan baƙon kati. Akwai Visa ko Mastercard, masu yin canjin, kuma nasu farashin yana kusa da na kasuwa, ba shi ne abin damuwa ba. Na huɗun shi ne mai zafi, kuma abin takaicin shi ne da yatsarka kake ba shi izini.

Ga yadda yake faruwa. Injin ya karanta katinka ya gane baƙo ne. Kafin ya ƙirgo kuɗin sai ya fito da tambaya a allo: ga riyal ɗinka 1,500, ga abin da suka kama a dala, ka amince? Wurin dannawa na amincewa babba ne, sau da yawa kore. Na ƙin yarda ɗan ƙarami ne a gefe, wani lokacin har da gargaɗi cewa ba su da tabbacin farashin da bankinka zai yi maka. Ga gajiya, ga layi a bayanka, ga an kusa tayar da sallah. Idonka ya faɗa kan dala, kuɗin da ka sani, sai ka danna. To daga nan ka cire Visa daga cinikin, ka miƙa wa mai injin canjin, shi kuma farashin da ya ga dama yake yankawa. A ce ya ba ka riyal 3.55 maimakon 3.75: riyal 1,500 ɗinka sun koma dala 422 da rabi. Bankinka ya ɗora nasa cajin, ga ka nan a 430. Ban ga rasit ɗinka ba, amma alƙaluman da ka kawo sun yi kama da wannan sosai.

Maganinsa kalma ɗaya ce: kullum ka zaɓi kuɗin ƙasar da ƙafarka ke kai. A Saudiyya riyal, a Dubai dirhami, a Turkiyya lira. Idan allon da Turanci yake, nemi inda aka rubuta "without conversion" ko "decline", ka danna shi ba tare da fargaba ba. Kuɗinka za su fito kamar yadda ka nema. Haka nan a kanti ko a otal, in mai POS ya tambaye ka dala ko riyal, ka ce riyal, sannan ka kalli fuskar na'urar kafin ka saka lambar sirri, domin wasu ba sa tambaya, zaɓa maka suke yi. A ƙasashen Tarayyar Turai tun 2020 doka ta tilasta wa injin ya nuna kashi nawa ya ɗora a kan farashin babban bankinsu, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa ya karanta wannan layin ba ya sake amincewa.

Sauran shawarwarin ƙanana ne, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tunda akwai tsayayyen caji a kowace cira, gara ka ciri 1,500 sau ɗaya da ka ciri 300 sau biyar. Ka fi son injin da ke jikin ginin banki a kan wanda aka dasa a filin jirgi ko harabar otal. Idan injin ya nuna maka cajinsa ka ga ya yi yawa, ka soke, ka ɗauki katinka ka gwada na gaba, ba a biyan komai a kan sokewa. Kuma a Makka da Madina yanzu kusan kowane kanti na karɓar kati, don haka tsabar da kake buƙata ta sadaka ce da mota da 'yan sayayyar bakin hanya. Ni abin da nake yi, kafin in fita masauki nakan buɗe shafin lissafin canji na Visa ko na Mastercard a waya, in ga abin da kuɗin ya kamata su kama. Mutumin da ya je da lamba a kansa, allo ba ya ruɗa shi.

Daga wata baiwar Allah a Manchester: "Zan zo Kaduna bikin ƙanwata. Wane katin Ingila ne ba zai cinye ni ba idan ina cirar naira?"

Hajiya, Allah ya sanya alheri. A Ingila kuna da sa'a a wannan fannin. Starling ba ya cajin cira a ƙasar waje. Monzo na ba da fam 200 kyauta a cikin kwana 30 a wajen Turai, abin da ya haura a yanki kashi 3. Revolut na talakawa, wato wanda ba a biyan kuɗin wata, shi ma fam 200 ne a wata, daga nan kashi 2. Waɗannan sharuɗɗan suna sauyawa, ki leƙa manhajar kafin ki taso.

Amma gaskiyar magana, ATM ba ita ce hanyarki ba a Najeriya. Babbar takardarmu naira 1,000 ce, injina da yawa ba sa ba da fiye da naira 20,000 zuwa 40,000 a cira ɗaya, ba kowanne ke karɓar baƙon kati ba, kuma sau da yawa ki je ki tarar babu kuɗi a ciki. Hidimar biki ba za ta yiwu da haka ba. Idan kina da asusun naira mai BVN, ki tura wa kanki kuɗin ta irin su LemFi, Remitly ko Taptap Send. Tun 2024 a naira ake biyan irin wannan aike. Ki gwada manhaja biyu ko uku a lokaci guda, ki duba abu ɗaya tak: naira nawa za su shiga asusun a kan fam 100. Kada kalmar "kyauta" ta ɗauke miki hankali, ribarsu a cikin farashin canjin take. Da kuɗin sun shigo, mai ɗinki da mai abinci da mai lalle duk taransifa suke karɓa, tsabar kuma ga masu POS a kowane lungu. Katin Ingilan ki ajiye shi don ko-ta-kwana.

Daga wani ɗalibi a Alƙahira: "Baba ya ba ni katin naira, amma duk ATM ɗin da na saka sai ya tofo shi. Akwai kuɗi a ciki."

Ƙanena, fara da juya katin ka dubi tambarinsa. Idan Verve ne ko AfriGo, wanda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2023, to an yi su ne musamman don cinikin gida, kada ka dogara da su a Masar. Kana buƙatar Visa ko Mastercard, kuma tambarin ya kasance a jikin injin ma.

Idan kuwa ɗaya daga cikinsu ne, matsalar daga gida take. A 2022, da dala ta yi ƙaranci, bankuna suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawa suka rufe gaba ɗaya. Sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa, kowanne da iyakarsa, kuma iyakar cirar tsaba daban take da ta sayayya. Abu na biyu, bankuna da yawa suna barin amfani a ƙasar waje a kashe, sai mai kati ya shiga manhaja ya kunna. Tunda asusun na Baba ne, shi zai duba maka.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ka gyara. Ka buɗe asusu da sunanka, ya fi kyau na dala, ka karɓi katinsa na hannu. Katin dala na cikin manhaja, wanda lambobi ne kawai, yana biyan kuɗi a intanet amma ba ya shiga ATM. Kuma ka riƙe layinka na Najeriya a cikin wayar da romin a kunne, domin a kansa lambar tabbatarwa da alat ke shigowa. Ka riƙa saka masa ɗan katin waya lokaci zuwa lokaci. Layin da aka daɗe ba a taɓa shi ba kamfani na iya karɓewa ya sayar wa wani, kuma wancan ɗin shi zai riƙa ganin saƙonnin bankinka.

Daga wani ɗan Damagaram mazaunin Faransa: "Idan na ciri saifa a gida da katin yuro, wane farashi ya kamata in gani?"

Ɗan'uwa, taka ta fi ta kowa sauƙi. Saifa a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya saifa 655.957, ba ta hawa ba ta sauka. Yuro 100 jika 65 ne da ɗoriya, wato saifa dubu 65 da ɗoriya. Duk abin da ya ragu daga nan caji ne, ba canji ba, kuma yawanci na bankinka na Faransa ne, domin Nijar tana wajen yankin yuro. Ka tambaye su kuɗin cira a wajen yankin kafin ka taso. Idan tafiyar za ta kai ka Chadi ko Kamaru, kada ka ɗebi saifar Nijar da yawa. Farashinsu da yuro ɗaya ne, amma takardun daban ne, sai an canza, kuma mai canji zai yanki nasa.

Daga wani malami a Amurka: "Katin bashi nake da shi wanda ba ya cajin sayayya a waje. In ciri kuɗi da shi?"

A'a, Malam. Sayayya daban, cirar tsaba daban. Banki na ɗaukar tsabar da ka cira da katin bashi a matsayin rance na musamman: a yanki caji nan take, kuɗin ruwa ya fara hawa daga ranar, babu wa'adin nan na ƙarshen wata da ka saba biya kafin ya cika. Ga mai gudun riba wannan kaɗai ya isa dalili. Ka yi amfani da katin asusunka. A can kuna da asusun Charles Schwab, wanda ke mayar wa mai shi cajin da injinan ATM suka yanka a ko'ina a duniya. In kana yawan tafiya, ya cancanci ka duba shi.

Daga wani mai sarin kaya a Guangzhou ta ƙasar Sin: "Injin ya yi ƙarar ƙirga kuɗi, bai fito da komai ba, amma an zare daga asusuna. Ba na jin yarensu."

Alhaji, sannu, na san yadda hankali ke tashi a baƙon wuri. Kada ka sake gwadawa a wannan injin. Ka ɗauki hoton allon, da lambar da ke jikin injin, da sunan bankin. Ka adana rasit in ya bayar, ka rubuta rana da lokaci. Sau da yawa kuɗin kan dawo da kansu cikin awanni ko 'yan kwanaki, saboda injin na rubuta cewa bai miƙa komai ba. In ba su dawo ba, ba sai ka ji Sinanci ba, domin ba mai injin za ka kai wa ƙara ba. Bankin da ya ba ka katin shi ke da alhakin bin kadin kuɗinka ta hanyar Visa ko Mastercard. Ka rubuta musu ta imel ko manhaja tun kana can, ka haɗa da hotunan, ka karɓi lambar ƙorafi. Akwai wa'adin shigar da irin wannan ƙara, don haka kada ka ce sai ka dawo gida.

Sannan a Sin ba lallai ne ka yi ta zarya wajen ATM ba. Tun 2023 Alipay da WeChat Pay, manhajojin biyan kuɗi ta waya a can, ke barin baƙo ya haɗa katinsa na Visa ko Mastercard. Biyan da bai wuce yuwan 200 ba babu caji, wanda ya wuce kashi 3 ne. Abinci da tasi da jirgin ƙasa ka biya da waya. Kuɗin sari kuwa, kashi 3 a kansu asara ce babba, ka bi ta banki ko hanyar da kuka saba da mai kayan. Ka haɗa katin yau a masauki, da fasfo ɗinka a kusa, domin manhajar za ta nemi hotonsa.