Tambaya Da Amsa: Da Gaske Babbar Kwamfuta Ɗaya-Ɗaya Take Kwashe Bayanai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne. An koya mana cewa a manyan kwamfutocin IBM, irin na bankuna, umarnin MVC, mai kwafar bayanai daga wani wuri zuwa wani a memori, yana kwashe su ne bayit ɗaya-ɗaya, wato harafi bayan harafi. Injin da ake yi wa kirari da sauri zai zauna yana tsinta kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Malaminku bai yi kuskure ba, amma ƙa'idar takarda ya faɗa muku, aikin injin kuwa daban ne.

MVC ya zo ne tare da System/360, jerin manyan kwamfutocin IBM, a 1964. Yana kwashe daga bayit 1 zuwa 256, kuma ƙa'ida ta ce sakamako ya fito tamkar an bi su ɗaya-ɗaya daga hagu zuwa dama. Riƙe kalmar nan "tamkar". Ƙaramin inji na jerin, Model 30, da gaske ɗaya-ɗaya yake yi, domin faɗin hanyarsa ke nan. Maikurokod, wato ƙananan umarnin da aka dasa a cikin farosesa, shi ke zagayawa: ɗauko, ajiye, rage ƙirga. Model 75 kuwa babu maikurokod, an gina komai a jikin na'urar, kuma bayit takwas yake ɗaukowa daga memori a tashi ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne masu rubuta manhaja sun gano wata dabara. Sai su sa alama guda a farkon layi, su ce MVC ya kwashe zuwa gurbin da ke gabanta, alamar ta yi ta bin kanta har layin ya cika. Haka ake share layin firinta tun zamanin iyayenmu. Da farosesa zai yi gaggawar ɗiba takwas-takwas a nan, da ya ɓata aiki. Shi ya sa yake fara duba ko tushe da masauki sun hau juna. In ba su hau ba, sai ya ɗiba da yawa abinsa.

Kaya masu yawa kuwa na umarnin MVCL ne, wanda ya zo da System/370, magajin System/360, a 1970. Yana kai kusan megabayit 16, ana iya katse shi ya dawo ya ci gaba. Shi ba ya wannan wasa: ya ga hawan da zai ɓata bayanai, sai ya ƙi motsi, ya mayar da lambar yanayi 3, wato alamar da ke sanar da manhaja cewa bai kwashe komai ba. A injinan yau milikod ke tafiyar da shi, wato wata manhaja ta cikin farosesa mai aiwatar da umarni masu sarƙaƙiya, tsarin da IBM ta shigo da shi a 1997.