Tambayi Mai Hoto: Rabin amarya ya koma ruwan toka

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ce a Jega. Watan jiya aka yi bikin ƙanwata, na ɗauki hotuna sun fi 300 da wayata, duk a kan memori. Yanzu wasu suna buɗewa lafiya, wasu kuma sai a ga kan amarya da ɗaurin ɗankwalinta, daga wuya zuwa ƙasa ruwan toka. Wasu ma sai waya ta ce ba za su buɗu ba. Abin da ya ɗaure min kai, a galari ƙananan hotunan duk suna nan garau, sai na taɓa su ne nake ganin ɓarnar. Wani yaro mai tura waƙoƙi ya ce in kawo ya yi fomatin. In kai masa?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Kada ki kai. Kafin ma ki ƙarasa karanta amsar nan, kashe wayar, ki zare memorin, ki naɗe shi a takarda ki ajiye. Duk sabon hoto ko saƙon murya da ya sauka a kansa zai iya hawa kan abin da muke son cetowa, kuma abin da aka hau kansa ya tafi ke nan.

Ƙananan hotunan da kike gani garau, yaudarar ido ce. Waya takan ajiye ɗan ƙaramin kwafi na kowane hoto don galari ta riƙa buɗewa da sauri, shi ne kike kallo. Babban yana can dabam.

Tunda ke tela ce, bari in yi miki bayani da yarenku. Hoton waya, wanda ake kira JPEG, yana da kai, wato wurin da aka rubuta tsawonsa da faɗinsa da yadda za a warware launukansa, kamar takardar awo. Sai jikin, wanda aka jera a ƙananan murabba'ai, ɗigo takwas tsaye takwas kwance, daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi. In yadi ya ƙare a tsakiyar ɗinki, waya sai ta cike sauran da ruwan toka, shi ya sa kullum ƙasan hoto ne ke tafiya. In kuwa zare ne ya tsinke a wani wuri, tunda kowane murabba'i yana ɗora haskensa a kan na wanda ya gabace shi, sai ki ga daga nan zuwa ƙasa launi ya juye kore ko shunayya, ko hoton ya goce gefe. Wanda ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, galibi takardar awon ce ta lalace.

Ki samu mai kwamfuta da ɗan abin karanta memori. Aikin farko, ya kwashe komai zuwa kwamfutar, sannan ku duba nauyin kowane hoto. Masu lafiyan za ki ga kamar megabayit 2 zuwa 5. Wanda ya ƙi buɗewa amma nauyinsa bai ragu ba, akwai sa rai: ana ɗauko kan wani hoto mai lafiya da wannan wayar ta ɗauka, mai girma ɗaya, a dasa masa. Na sha yi, kuma na sha dacewa. Wanda ya nuna sifiri ko ɗan kaɗan, sai a bi memorin da manhajar PhotoRec. Kyauta ce, kuma ba ruwanta da jerin sunayen da ya rikice, ita dai tana bin memori lungu-lungu tana neman alamar da kowane JPEG ke farawa da ita. Sharaɗi ɗaya: abin da ta tsinto a zuba shi a kwamfuta, ba a kan memorin ba.

Sai dai akwai abin da nake jin tsoro, don ya taɓa cina. A 2020, da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu, na taso daga Birnin Kebbi da asuba, na sayi memori a tasha, an rubuta gigabayit 64 a jikinsa, kuɗinsa ko rabin na shago bai kai ba. Ina ta murna na yi tsintuwa. Hotunan kwanakin farko duk lafiya. Ranar babban kamu na tsaya a bakin Matan Fada, rana na dukana, na ɗauki masunta lokacin da suka ruga cikin ruwa da goruna da homa, ƙura ta turnuƙe. Kyamara ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Da na dawo gida na buɗe, sunaye na nan, nauyi na nan, amma ciki fanko. Ashe memorin 8 ne aka sa shi yake ƙaryar 64. Da ya cika, sai ya ci gaba da karɓar hotuna yana zubarwa. Irin wannan babu manhajar da za ta dawo da shi, tunda tun farko bai sauka ko'ina ba.

To ki lura da naki. In hotunan farkon biki ne masu lafiya, daga wani wuri kuma duk suka lalace a jere, jabu ne. Akwai manhajar H2testw da ke tona asirin irinsa, amma a bari sai an gama ceto, domin cika memorin take yi da rubutu kafin ta faɗi gaskiyar cikinsa.

Kada kuma ki raina dangi. Abin da kika tura ta WhatsApp yana wayoyinsu, yana kuma cikin jakar Sent ta wayarki. WhatsApp yana matse hoto, ba zai yi babban allo ba, amma zai wanku ɗan daidai na albam. Duba Google Photos ma, wataƙila ya kwashe ba ki sani ba. Manhajojin nan masu cewa za su gyara da ƙirƙirarriyar basira kuwa, zana abin da suke zato suke yi. Za su ba ki leshi mai kyau, amma ba wanda kika ɗinka ba.

Kuma hotunan kamu ne da lalle, mata ba mayafi. Ki zauna kusa da mai aikin har ya gama, ya zuba miki a filas, ya goge na kwamfutarsa a gabanki.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Aliero. Na sa filas ɗina a kwamfutar shagon buga takardu, yanzu jakar hotunana ta koma wani ɗan abu mai kibiya a gindi.

AMSA: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ba abin da ya lalace. Bairos ne ya ɓoye jakar ya ajiye ta bogi a madadinta. Kar ka danna mai kibiyar, ta nan yake yaɗuwa. A kwamfuta mai rigakafi, a cire bairos ɗin daga filas ɗin, a ce ta nuna ɓoyayyun fayiloli har da waɗanda take karewa, za ka ga kayanka.

TAMBAYA: Yayana ya turo min hotuna daga Saudiyya, kwamfutata ta ƙi buɗe ko ɗaya. Sunansu yana ƙarewa da HEIC. Daga Yawuri.

AMSA: Lafiyarsu ƙalau. Tun 2017 iPhone ta koma ajiye hoto da wannan tsarin, tsofaffin kwamfutoci kuwa ba su san shi ba. Ya shiga saitin kyamara, wajen Formats, ya zaɓi Most Compatible, waɗanda zai ɗauka nan gaba za su fito JPEG. Na hannunka kuma, ce masa ya sake turo su ta WhatsApp a matsayin hoto, ba a matsayin takarda ba.