Tsohuwar kujerar ofis da ta fi sabuwa tsada

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa muke kashe wuni a kan kujerar ofis ta gwanjo, sannan mu sa mata kuɗin da ya fi na sabuwa fil a leda, irin wadda ake jerawa a babbar kasuwar garinmu Garwa, nan Kamaru. Har ka ce kana jin nauyin faɗa wa mai saye farashin, sai ka ga kamar cutarsa muke yi. Tambayar ta yi mini daɗi, domin yaron da ke tsoron haƙƙin mutane shi nake so ya gaji wannan sana'a.

Da farko ka daina kallon kujera daga sama. Kifa ta. Kuɗin kujera a ƙarƙashinta yake. Sabuwar nan mai sheƙi, in ka kifa ta, abin da za ka tarar shi ne siririn falanki da aka ɗaura wa faifan ƙarfe mara kauri da noti huɗu, ƙafafunta roba ce mai saurin tsagewa, sosonta kuwa na katifar araha ne. Abin da aka lulluɓe ta da shi ba fata ba ne, leda ce aka yi wa zanen fata. Ka san zafin garin nan a watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40. Ledar nan ba ta jure wannan zafi da gumin mutum, sai ta soma ɓarewa tana manne wa riga. Soson ya kwanta, mai zama ya fara jin katako a ƙashinsa. Ita ke nan, domin babu abin da za ka gyara a jikinta wanda kuɗin gyaran bai kai kuɗin wata sabuwar ba.

Waɗanda muke zaɓowa daga kayan brokant, wato gwanjon Turai, wani abu ne daban. Kamfanoni a Faransa da Beljiyam da Jamus sukan sauya kayan ofis gaba ɗaya idan za su tashi daga gini ko sun rage ma'aikata, kujerun kuma lafiyarsu lau. A loda su a kwantena zuwa tashar Duwala, su hau jirgin ƙasa ko tirela zuwa Ngawundare, daga nan manyan motoci su kawo su Garwa da Marwa, wasu su wuce Kusuri har Injamena. A cikin tarin nan akwai shara, akwai kuma kujerun da aka ƙera don mutum ya zauna awa takwas kullum shekara da shekaru. Ka ga mai ragar nan da ke kusurwa, Aeron ce ta kamfanin Herman Miller na Amurka. Tun 1994 aka fara yin ta, aka sabunta ƙirarta a 2016. Mai yadin da muka kwance kuwa Leap ce ta Steelcase, wadda ta fito a 1999. Herman Miller garantin shekara 12 yake ba wanda ya sayi kujerarsa sabuwa. Kamfani ba ya yin irin wannan alkawari a kan abin da ya san zai karye a shekara biyu. Sai dai ka kiyaye, garantin nan na mai sayen farko ne, bai biyo kujerar ya ƙetaro teku ba. Kada in taɓa jin ka ce wa wani tana da garantin kamfani. Garantin da ke kanta namu ne, a kan abin da hannunmu ya taɓa.

Yanzu maganar daɗin zama, wadda ita ce mutane suka fi kuskurewa. Mai saye zai shigo ya danna mazauni da hannu, in ya ji laushi ya ce wannan ita ce. Laushi na minti biyar ne. Wanda ke wuni a gaban kwamfuta, akawu ne ko sakatare ko mai shagon buga takardu, abin da jikinsa ke nema shi ne kujerar ta zo daidai da shi, kamar yadda tela ke auna mutum kafin ya yanka yadi. Shi ya sa kujerar kirki take da liba da maɓallai da yawa, kuma shi ya sa nake hana ka bari mutum ya tafi da ita ba mu zaunar da shi mun daidaita masa ba.

Ka fara da tsayi. Tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai, cinyarsa ta kwanta a miƙe, gwiwa ba ta ɗago sama ba kuma ƙafa ba ta reto. Sai ka ce ya matsa baya har ƙugunsa ya taɓa majingina, ka duba tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwarsa. Yatsu biyu ko uku su shiga. In babu wannan tazara, bakin kujerar zai riƙa danne jijiyoyin bayan ƙafa, kafin azahar ƙafar ta yi nauyi. A Leap mazaunin yana zamewa gaba da baya, sai ka gyara masa. Aeron ba ta da wannan, ita girma uku aka yi ta, A da B da C. Ka sa yatsa a ƙarƙashin leɓen saman majinginarta ta baya, za ka ji ɗigo: ɗaya ƙarama, biyu matsakaiciya, uku babba. Kada ka sayar wa ƙaramar mace C don ita ce kaɗai ta rage a shago, gara ta jira wani kaya ya zo. Bayan haka matashin ƙugu. Ƙashin bayan ɗan Adam yana da lanƙwasa zuwa ciki daga ƙasa, wajen ɗamara, to nan matashin zai zauna, ba tsakiyar baya ba. Hannuwan kujera su tsaya daidai gwiwar hannu, kafaɗa a sake. Na ƙarshe taurin jingina. Mai jiki yana bukatar a ɗaure masa, siriri a sassauta, yadda in ya jingina kujerar za ta bi shi a hankali, ba ta jefa shi baya ba kuma ba ta yi masa gardama ba.

A ƙasar zafi irin tamu ni raga na fi so, domin iska na ratsa ta, baya ba ya jiƙewa. Amma raga tana da nata sharaɗi. In ta yage ko ta saki, ba a ɗinke ta, ba a ja ta, sai dai a sauya mazaunin gaba ɗaya, shi kuma samunsa a nan da wuya. Saboda haka mai yagaggiyar raga ba ma sayen ta sai don mu cire kayan jikinta. Mai yadi ta fi sauƙin sha'ani: a sa sabon soso mai nauyi, a ja sabon yadi, ta dawo. Wajen soso kada ka yarda da kauri kawai, ka ɗaga ka ji nauyinsa, ka danna ka ga ko zai taso nan take.

Ba kowace tsohuwa ce ta cancanci wahalarmu ba, wannan ma ka riƙe. In injin jingina na ƙasa ya fashe, ko ƙashin majingina ya tsage, ko ƙafafun alminiyum sun karye an yi musu walda, ka wuce ta ko da kyauta aka ba ka. Abin da muke sauyawa shi ne abin da dama aka yi shi don ya ƙare: tayoyi, soso, yadi, robar hannu, da silindar gas, wato sandar da ke ɗaga kujera tana sauke ta.

Silindar nan ina so ka ji ni da kyau. Iskar naitirojin ce aka matse a ciki da ƙarfi. In kujera tana sauka da kanta, robar da ke toshe iskar ce ta cinye, kuma ba a cika ta, ba a gyara ta. Kada ka huda ta, kada ka yanka ta, kada ka kusanta mata wutar walda don ta ƙi fita. Ba noti ke riƙe da ita ba, matsewa ce kawai a rami mai tsukewa, don haka ɗan mai, da babbar sufana ta famfo, da gudumar roba, da haƙuri su ne ke fitar da ita. Sabuwar da za ka sa ka duba lambar ajinta a jiki, mu aji 4 muke sawa. Wasu masu gyara sukan zura guntun bututun roba su kafe kujerar a tsayi ɗaya, su sayar a matsayin gyararriya. In mutum ba shi da kuɗin silinda ya roƙi a yi masa haka, a yi masa da saninsa. A ɓoye kuwa ha'inci ne, domin an kashe abin da ya sa kujerar ta zama ta kirki.

Tayoyi aikin minti kaɗan ne, fizgewa ake yi. Galibi kaurin sandarsu milimita 11 ne, na kujerun kamfanin IKEA ne ke zuwa da 10, sai ka auna kafin ka saya. Waɗanda ke zuwa da kujerun Turai masu tauri ne, na kan kafet, mu kuwa tayil da siminti muke da su, sai a sa masu laushi.

Batun farashi, ga yadda za ka cire wa kanka nauyin. Ka kifa kujerar a gaban mai saye, ka nuna masa takardar shekarar ƙira in tana nan, ka lissafa masa abin da muka sauya da abin da muka bari, har da ƙujewar da ke jikin ƙafa. Wanda zai zauna awa ɗaya a rana ka gaya masa gaskiya, ba ya bukatar wannan, ta kasuwa ta ishe shi. Mai wuni a zaune kuwa ka bar shi ya zauna a kai ya daɗe, kada ka hanzarta shi. In ya ce ciwon baya ne ya kawo shi, kada ka yi masa alkawarin waraka. Kujera tana rage wahala ne, ba ta maye gurbin likita, kuma ko a kan wace iri yake sai ya riƙa miƙewa yana ɗan takawa.

Kafin ya ɗora ta a mota ka ƙara masa da wannan: lokacin hunturu ƙura na shiga injin da tayoyi, ya riƙa goge sandar silinda da busasshen tsumma, ya cire zare da gashin da ke naɗe wa tayoyi, kuma kada ya bar ta a rana a bakin shago. In ta fara ƙara ya kawo mana mu sa giris, kada ya zuba mata baƙin mai.