Barci ya ƙaurace maka tun korona: ga likita kafin ka ga dillali

Ɗan'uwa, wasiƙarka daga birnin Brescia na Italiya ta iso ni. Ka ce aikinka ya tsaya lokacin kullen korona, takardar zamanka ta ƙare, mahaifinka ya rasu a nan Jos ba ka samu halartar jana'iza ba, kuma tun daga nan ba ka runtsawa sai ka sha ƙwayar da wani aboki ke ba ka. Allah ya jiƙan Baba. Yanzu wani dillali yana neman kuɗi don ya samo maka kwantiragin aiki, yayyenka kuma sun ce rashin barcin sammu ne, ka aiko a kai wa malami.

Abin da ke damunka ciwo ne sananne. Yankin Lombardiya da kake zaune shi ne annobar ta fi yi wa ɓarna a Italiya a farkon 2020, kuma a watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar. Kulle ya rikita lokacin kwanciya da na tashi, ya raba mutum da hasken rana da jama'a, kai kuma ga rashin uba da ba ka samu zaman makokinsa cikin dangi ba. A wajen likitoci, rashin barci dare uku a mako har tsawon wata uku ciwo ne mai magani.

Tsoron da ya hana ka zuwa asibiti ba shi da tushe. Dokar shige da fice ta Italiya ta 1998 ta hana ma'aikatan lafiya kai rahoton mara lafiya don kawai ba shi da takardu, kuma kana da haƙƙin karɓar lambar STP, wato lambar ganin likita ta baƙin da ba su da takardar zama, a asibiti ko ofishin lafiya na yankinku, wadda da ita za a duba ka. Tafi da kwalin ƙwayar nan ka nuna wa likita. Idan irin su diyazefam ce, jiki yana sabawa da ita, kuma yanke ta dare ɗaya yana da haɗari, don haka likita ne zai rage maka ita a hankali. Kafin nan, tsayar da lokacin tashi guda kullum, fita cikin rana da safe, bar kofi daga azahar. Idan tunanin halaka kanka ya taɓa zo maka, kira lambar gaggawa 112 nan take.

Batun dillali kuwa, kada ka ba shi ko sisi. Shirin yafiyar takardu na 2020, wanda Italiya ta yi don halatta zaman ma'aikata baƙi marasa takardu, an rufe shi tun 15 ga Agusta na shekarar. Na ga waɗanda suka sayi kwantiragin bogi, kuɗinsu ya tafi, aka kuma gano ƙaryar ta zame musu laifi a fayil. Dillalai sun san wanda bai yi barci ba yana saurin amincewa. Je ofishin patronato, wato ofishin ƙungiyoyin ƙwadago mai taimaka wa mutane kan takardu, ko wajen lauyan shige da fice su duba lamarinka.

Game da gida, ina tare da kai. Addu'a da azkar ɗin kwanciya alheri ne, ka riƙe su, amma ba daidai ba ne a ɗora wa ƙanin da ba shi da aikin kirki kuɗin malami, a kuma riƙa kiransa da tsakar dare ana lissafa masa buƙatu. Abincin Mama da maganinta suna wuyanka gwargwadon iko. Sauran buƙatu za su iya jira. Faɗa wa babban yayanka gaskiyar halin da kake ciki, ka yanka abin da za ka iya aikowa a wata, ka kuma sanar da su cewa bayan isha'i wayarka a kashe take.