Amsar Yaya kan maganar yanyawa

Salamu alaikum jama'ar gida. Yaya, barka da dare, ya iyali, ya su yara? Na ga saƙonka tun da rana, hannuna ne ba na taɓa waya ba ne a lokacin, za ka ji dalili. Ka ce in faɗa maka me dabbobin dajin nan da nake kula da su suke ci, kuma nawa abincinsu yake tashi a wata. To Yaya, haba. Tun yaushe nake aikin nan a Jamus, ba ka taɓa tambayata ko ruwa suna sha ba, sai yanzu da wani direba ya nuno maka hoton ɗan yanyawa daga Agadas, yara suka gani suka hana ka sakat? Anti ta riga ta tsegunta min. So kake ka saya. To wannan zan amsa, lissafin abinci ya biyo baya.

Bari in fara da abin da ba a ɗauka a bidiyo. Abin da nake fara yi in na shiga da safe, kafin in ba kowa abinci, kwasar kashi ne. Takalmin roba, safar hannu, takunkumi, shebur da bokiti. Iri biyu ne suka fi yawa a wurinmu: yanyawar nan tasu ja, wadda ta ninka tamu girma, sai rakun, wannan mai baƙin zane a ido da zobba a wutsiya da kuke gani yana satar abinci a Facebook. Shi rakun wuri ɗaya yake zaɓa ya mai da shi masai, ka ce ai da sauƙi. Ba sauƙi. Akwai wata tsutsar ciki da yake ɗauke da ita, ƙwanta yana fita a kashinsa. In ƙwan ya yi sati biyu zuwa huɗu a ƙasa ya nuna, kuma in ya shiga cikin mutum, tsutsar tana iya hawa har ido ko ƙwaƙwalwa. Maganin wanke-wanke na kanti ba ya kashe shi, sai tafasasshen ruwa ko wuta. Wallahi da wutar gas muke bin simintin kejin muna babbakewa. Ita ma yanyawa tana da tata tsutsar, wadda hanta take ci a hankali, mutum sai ya yi shekara 5 zuwa 15 bai san yana ɗauke da ita ba. Shi ya sa ban ɗauki waya ba.

Abinci kuwa, tunda ka tambaya. Firiza ce guda cike da matattun 'yan tsaki na kwana ɗaya da ɓeraye, ana sayensu kwali-kwali. Da daddare ka fitar, da safe sun narke, ka raba. Ana haɗa musu da ƙwai da 'ya'yan itace. Yanyawa ba ta rayuwa a kan tuwo da ƙanzo, sai ta ci dabba sukutum, da gashi da ƙashi da kayan ciki. Kuma ba ta cinyewa, binnewa take yi. Ka ba ta biyar, ta ci biyu, ta tona ta ɓoye uku, bayan kwanaki hancinka ne zai kai ka wurin. Shi kuma rakun matsalarsa ci. Ba abin da yake mayarwa. In ka biye masa sai ya yi ƙibar da ba zai iya hawa itace ba, dole sai an auna masa a sikeli, a kuma ɓoye abincin cikin kwali ko ramin gungume ya sha wuya kafin ya samu, don in zaman banza ya ishe shi, kejin zai fara kwancewa.

Yauwa, kwance keji. Akwai wata rakun a cikinsu, masu wurin suna da sunan da suke kiranta, ni dai Magajiya nake ce mata. Yaya, hannunta yatsu biyar ne kamar na jariri, kuma ba abin da ba ta yi da su. Sakata ta zare. An sa mai murɗawa, ta zauna tana kallon hannun mai buɗewa, ta murɗa. An ɗaura waya, ta warware. Yanzu kwaɗo ne a ƙofarta, kuma in na shiga mukullin yana wuyana cikin riga, don aljihu ba wurin ajiya ba ne a gabanta. Tana hawa kafaɗarka tana lalube, kai kana zaton so ne, ashe caje take yi maka. Kuma ba yau aka san su da wannan ba, tun 1908 wani mai bincike a Amurka ya jarraba su da makullai iri 13, suka buɗe 11. Ranar da ta fita, ba ta ma gudu ba. Ɗakin abinci ta wuce, ta kunna famfo, ta zauna tana jiƙa inabi tana murzawa, ruwa ya malale har tsakar gida. Wai mutane su ce tsabta ce take sa su wanke abinci. Ina tsabta? A daji cikin ruwa suke laluben abinci da hannu, shi ne in an tsare su suke kwaikwayon abin a kwanon sha, su bar maka ruwan ya zama kunu, ka canja, su sake.

To ka san yadda aka yi ta zo hannunmu? Nan ne abin yake ci min rai har gobe. Wata mata ce ta same ta tana jaririya a cikin rufin gidanta, ta raine ta da bulunboti, a gado ɗaya suke kwana, tana ba ta biskit da cakulan, tana ɗora hotuna ana ta yaba mata. Da dabba ta balaga, ta fara cizo, ta yayyaga kujeru, ta kai wa jikarta hari, sai ga ta da ita cikin kwando tana hawaye. Har da kawo mata bargo da 'yar tsana. Ta ce duk sati za ta riƙa zuwa, za ta riƙa biyan kuɗin abinci. Yaya, ko ƙeyarta ba mu sake gani ba. Ta bar mu da dabba mai ruɓaɓɓen haƙori, mai ƙiba, wadda ba ta san ita rakun ba ce. Da aka haɗa ta da 'yan'uwanta ta kwana tana ihu, dole aka ware ta, wata da watanni ana kusanto da su ta bayan raga kafin ta yarda. Kuma abin haushin, matar nan na tabbata har yanzu tana ba da labari cewa ita ta ceci rai. Ni da nake babbake kashi fa? Kai, bari in bar maganar matar nan, don in na fara ba na gamawa.

A'a, tsaya, abu ɗaya. Ko da Magajiya ta san daji, ba za a sake ta ba, wannan shi ne abin da mutane ba sa ganewa. Rakun ba ɗan ƙasar nan ba ne, daga Amurka ta Arewa aka kawo shi saboda fatarsa. A 1934 aka saki guda huɗu, maza biyu mata biyu, a bakin tafkin Eder, nan kusa da Kassel inda nake. A 1945 wasu suka tsere daga wata gonar kiwonsu gabas da Berlin. Yau Kassel ta cika da su, mutane har kulle bolarsu suke yi, suna naɗe bututun ruwan sama da ƙarfe mai santsi don kar su hau rufi. Mafarauta suna kashe sama da 200,000 a shekara a ƙasar, kuma ba su ragu ba. Tun 2016 Tarayyar Turai ta sa shi cikin jerin baƙin dabbobi masu ɓarna, ma'ana duk wanda ya shigo hannu, ba saki, ba haihuwa. Namiji a fiɗiye shi, mace a yi mata aiki, a riƙe su har mutuwa. A daji da ƙyar yake wuce shekara 2 ko 3, amma a tsare yana iya kai wa 20. Ka lissafa. Shi ya sa wurare irin namu duk sun cika. Watan Afrilu da Mayu waya ba ta hutawa, "na tsinci jarirai huɗu a silin," mu ce ba wuri, a zage mu a kashe waya. Japan ma haka ta same su, wani katun na yara aka nuna a 1977, kowa ya sayo wa ɗansa rakun, da suka girma aka kai su daji aka watsar, yanzu har tsofaffin wuraren ibadarsu na katako suke lalatawa. Yara ne suka gani suka ce suna so, Yaya. Ban ce komai ba.

Ita yanyawa ana sakinta, tunda 'yar ƙasa ce, amma nan ma da sharaɗi. Maris da Afrilu suke haihuwa, 'ya'yan suna fitowa ido a rufe, gashinsu baƙi-baƙi, har mutane suna kawo mana su a matsayin 'yan kwikwiyo. Da yawansu ma ba marayu ba ne, uwar ta tafi neman abinci ne ko tana canja musu rami ɗaya bayan ɗaya, wani mai tausayi ya zo ya kwashe. Kuma a dokarsu ba ka da ikon ɗauka haka kawai, sai an sanar da mafaraucin da yake riƙe da yankin. In suna ƙanana, duk bayan 'yan awoyi sai an ba su madara, dare da rana, kuma ba ta shanu ba, ta shanu zawo take sa su har su mutu, ta 'yan kwikwiyo ake damawa. In sun sha, ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka shafa musu ƙasan ciki, in ba haka ba ba za su yi fitsari ba, aikin da uwar take yi da harshe ke nan. To duk da wannan wahalar, an hana ka yi musu magana, an hana ka wasa da su. Da sun fara cin nama ake haɗa su da 'yan'uwansu a kai su keji na can baya, ka ajiye abinci ka juya. Ranar da ka shiga suka watse suka ɓuya, ranar muke murna. Wanda ya taho yana kaɗa maka wutsiya, shi ke nan ya lalace, in an sake shi gidan mutane zai nufa, a harbe shi ko mota ta take shi. Sauran, wajen ƙarshen bazara ake buɗe musu ƙofa, a ci gaba da ajiye abinci har su daina dawowa.

Masu zaman dindindin su ne irin waɗanda aka raina a gida, da waɗanda mota ta nakasa. Su ne nake so ka zo ka shaƙa. Zarnin fitsarin yanyawa, Yaya, ba ya fita a kaya, rigar aikina a leda take kwana a waje. Kuma da gangan take yi, duk abin da take so ya zama nata sai ta tsula masa, har kwanon ruwanta. Raga kuwa sai an binne ta cikin ƙasa an kuma rufe sama, don tana haƙa tana hawa. Na san wani zai ce ai akwai yanyawa na Rasha masu lafiya, da suka saba da mutane. E, akwai. Tun 1959 wani masani, Dmitri Belyaev, ya fara aikin a Novosibirsk, ana zaɓen mafi sanyin hali ana haɗa su, zuriya bayan zuriya, shekaru aru-aru, au, shekaru gommai dai. Wannan daban, wanda aka tono daga rami jiya daban. Masu kallon bidiyo kallon kitse suke yi wa rogo.

To dawo kan na Agadas ɗinka. Daga hoton da Anti ta turo min, da kunnuwan nan, irin ta Sahara ce, wadda ko ta girma ba ta cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Ramin uwarta aka tone, ba wata hanyar samunta. Da dare take harkarta, lokacin da kuke barci ita take ihu da tono, tsakar gidanka kuma rairayi ne, kafin asuba ta bi ta ƙarƙashin katanga, kajin maƙwabta su shiga uku. Tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobin daji, ta ce ba a tsallaka iyaka da su sai da takarda, direbanka kuma na san ba shi da ita. Sannan babbar magana, ciwon haukan kare. Jamus ta rabu da shi tun 2008, sai da suka yi shekaru suna watsa abinci mai ɗauke da rigakafi a dazuzzuka, har da jirgin sama, don yanyawa ta ci. Shi ya sa in ta cije ni nan, wanke ciwo ne da ganin likita. A gida ciwon yana nan, kuma in alamunsa suka bayyana ba a tashi. Ƙaramin naka shekararsa nawa, huɗu? Shi ne zai fara kai hannu. Kuma kar ka ce za ka saya don tausayi ka cece ta, in ka biya, wata mai zuwa direban da biyu zai dawo. Ka saya musu zomo, ko tattabaru, ka ce ni na ce, in sun yi fushi da ni na ɗauka.

Sai kai kuma taubashina, da ka shigo kana tambaya wai ana cin rakun, kai dama komai sai ka kai shi tukunya. To akwai wani mafarauci a gabashin ƙasar nan da yake sarrafa namansa yana sayarwa, har labarai sun ɗauka. Ni ban ci ba, kuma wanda ya kwashe abin da nake kwashewa da safe ba zai yi marmari ba. Hukuncinsa kuwa ga Malam nan a zauren, shi za ka tambaya, kar ka ja min. Yaya, a gaida Anti, kuma don Allah kar ka ce mata na ce ita ta faɗa min.