Tambaya da Amsa: Kuɗin adashenmu, inji za mu saya ko wake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Mu mata 20 ne a wani ƙauye kusa da Gumel, muna zubi duk ranar kasuwa. Bana mun yi shawara ba mai kwasa, a tara a yi abu guda. Wasu sun ce injin niƙa, don kullum sai yara sun kai niƙa garin gaba. Ni kuwa abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da kaka mazanmu su karyar da wake ga dillalan Dawanau, damina na ƙaratowa mu sayi iri da tsada. Wanne za mu yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ku fara da wake, inji ya jira. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ribar ƙaramin inji a tanki take ƙarewa. Ga bakanike, ga kayan gyara, ga yaron da zai tsaya a kai. Sannan wace a cikinku za ta iya hana surukarta niƙan bashi?

Wake kuwa a ƙofar gida yake. Ku saya hannun mazanku da maƙwabta a farashin kasuwar ranar, kuɗi hannu, kwano a cike. Mai sayarwa ya huta da kuɗin mota da la'ada, kayan kuma suna nan cikin gari.

Inda ake faɗuwa shi ne ajiya. Ku nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Wake ya bushe ƙayau, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro bai samu iska ba, sai ya mutu. A ɗora buhunan kan katako, nesa da bango, saboda ɓera da laima. Don Allah kada ku zuba maganin feshi. Irin wannan ganganci ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, balle kuma 'ya'yanku ne za su ci.

Kada ku zuba kuɗin gaba ɗaya. A 2025 farashin hatsi ya karye, masu ajiya da dama sun ji jiki. Ku bar wani kaso a hannu saboda haihuwa ko jinya, kada lalura ta sa ku kwance buhu ba lokaci ba. In kun tashi sayarwa, 'yan gari masu neman iri su fara samu, da sassauci, don kada a ce kun zama masu ɓoye abinci.

Ɗakin ajiya a sa masa kwado biyu, makulli ɗaya wajen uwar adashe, ɗaya wajen wadda ba danginta ba. Ku samu yarinya 'yar sakandare ta riƙe littafi, duk ranar zubi ta karanta lissafi kowa na ji, da boko ko da ajami.